Bututu Huɗu

A Ladipo na gan su, rataye a jikin ƙusa,
bututu huɗu na farin ƙarfe, sun murɗe da juna
kamar hanjin rago a teburin mahauci,
can ƙasa suka haɗu, bakinsu ya zama ɗaya.
Chidubem ya goge su da gefen rigarsa,
ya ce, "Alhaji, injinka a shaƙe yake.
Shekara goma sha tara yana numfashi da hanci guda.
Ɗaura masa wannan ka ji haniniya."

Ni ba Alhaji ba ne.
Albasa nake sayarwa a Mile 12.
Amma wanda aka kira Alhaji a gaban jama'a
kunyar tayi yake ji.
Dubu ɗari biyu da tamanin. Buhu nawa ke nan?
Na fara ƙirgawa a zuci, na bar ƙirgar a tsakiya.

Baba Mufutau na Agege ya kwana biyu a ƙarƙashin mota.
Noti uku sun ci tsatsa, sun karye a ciki,
kowanne da kuɗin jana'izarsa.
Ga walda, ga wata waya da zafi ya narkar,
ga yaron gareji yana sosa ƙeya, a ba shi na amala.
Dubu saba'in suka bi sawun 'yan'uwansu.
Da na tayar, wata 'yar fitila ruwan ɗorawa
ta buɗe ido a gaban sitiyari.
Baba ya ce, "Manna mata baƙin salatif."
Na manna. Na san tana nan, tana kallona ta ƙasa.

Lantana ba ta ɗaga murya ba.
Tana tsince shinkafa ta ce,
"Mota ta koyi tsawa.
Saura wata biyu mai gida ya zo karɓar haya,
sai ka taka masa totur ya ji."

Litinin na fita da dokina.
Awa biyu tsakanin Ketu da Ojota,
gosulo ya ɗaure shi kamar akuyar layya.
Mai tallar ruwan leda ya wuce ni a ƙafa,
ya dawo, ya sake wuce ni.
Kwandastan danfo ya leƙo ya ce, "Oga, jirgi ne?
To tashi mana!"
Mai kuwa, yadda take sha jiya haka take sha yau,
har da ƙari, don ƙafata ta koyi ƙaiƙayi.

Amma ranar Lahadi, bayan sallar asuba,
na hau doguwar gada babu kowa.
Ruwa a hagu, ruwa a dama,
hayaƙin bandar kifi na tashi daga Makoko.
Na taka.
Allura ta miƙe, ƙirjin motar ya buɗe,
wata murya mai kauri ta fito daga ƙarƙashina
ta bi ƙashin bayana har wuya.
Minti shida, ko bakwai.
Ban tuna da albasar da ta ruɓe a tirela ba,
ban tuna da kowa ba.
Na sauka a Adeniji hannuna yana rawa.

Tanimu dillali ya zagaya ta, ya buga taya da ƙafa.
"Ranar sayarwa ko sisi ba za a ƙara maka ba.
Wani ma ragewa zai yi."
Gaskiyarsa.
Iya Sikira ta maƙwabta ta daina amsa gaisuwata.
Gaskiyarta ita ma.

Abin da ban gaya wa Tanimu ba:
Ummita shekararta huɗu.
Da, sai na ƙwanƙwasa ƙofa take sanin na dawo.
Yanzu tun daga kwanar masallaci
take jefar da cokali,
cikin motocin Agege duka ta tsinci muryar tawa,
ta fito da takalmi ƙafa ɗaya.

Haya saura kwana tara.
Salatif ɗin ya fara ɓallewa ta gefe.